Abin da ya kamata ka sani kafin sayen zirin fitilar LED don gida ko shago

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya shiga sabon gida, ko shagon da aka yi wa kwaskwarima a Kano, Kaduna ko Abuja, bai ga wani siririn haske yana bin gefen silin ko ƙarƙashin kanta ba. Wannan shi ne zirin fitilar LED, wanda masu sayar da kayan wuta ke kira sitirif. Ya samu karɓuwa ne saboda yana lanƙwasuwa, ana yanka shi daidai tsawon da ake buƙata, kuma yana shiga lungun da ƙwan fitila ba zai shiga ba.

Sai dai yadda kasuwarsa ta buɗe, haka ƙorafi a kansa ya yawaita. Wani ya sa, kafin wata uku hasken ya dusashe. Wani farkon zirin nasa na haske tar, ƙarshensa kuwa kamar aci-bal-bal. Wani adaftarsa ta ƙone a cikin silin, sai ƙauri ya ji. Mai sayar da atamfa kuma ya ga abokin ciniki ya dawo da kaya, yana cewa launin da ya gani a shago daban, wanda ya gani a gida daban.

Galibin waɗannan matsaloli tun ranar saye ake ɗauko su, domin akasarin mutane abu biyu kawai suke dubawa: nawa ne mita ɗaya, da kuma yadda zirin ke ƙyalli a hannun mai kanti. Alhali kuwa zirin da adaftarsa da wayar da ta haɗa su da wurin da za a manna shi duk tafiyarsu ɗaya, idan guda ya gaza sauran ma sun gaza. Lambobi kaɗan ne ke jikin kwalin, kuma wanda ya fahimce su zai iya yin lissafinsa tun daga gida.

Mene ne shi, kuma yaya yake aiki?

Zirin LED siririn faifai ne mai lanƙwasuwa, faɗinsa yawanci milimita 8 zuwa 12. An shimfiɗa masa hanyoyin jan ƙarfe, an jera ƙananan ƙwayoyin haske a kansa, an kuma shafa gam a bayansa. Ƙwayoyin ba su da zaren nan na tsohon ƙwan fitila da sai ya yi jajur da zafi kafin ya ba da haske. Wuta ce ke ratsa wani sinadari na musamman, sai ya fitar da haske kai tsaye, shi ya sa ba sa cin wuta sosai.

Fasahar ta kwana biyu. A 1962 wani injiniya Ba'amurke, Nick Holonyak, ya ƙera LED mai jan haske a kamfanin General Electric, amma an daɗe ba ta wuce 'yar fitilar alama a jikin rediyo da makamantansa ba. Ƙofar farin haske ta buɗe ne a farkon shekarun 1990, lokacin da masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da LED mai shuɗin haske mai ƙarfi, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2014. Kusan duk farin LED da ke kasuwa a yau shuɗiyar ƙwaya ce aka lulluɓe da wani sinadari ruwan ɗorawa, wanda ke mayar da wani kaso na shuɗin hasken zuwa sauran launuka, su haɗu su ba da fari. Wannan ne dalilin da ya sa idan zirin na kashe ake ganin ɗigo-ɗigon rawaya a jikinsa, kuma ingancin wannan sinadarin na daga cikin abubuwan da ke raba mai kyau da na banza.

Lambobi irin su 2835 ko 5050 da ake rubutawa a kwali girman ƙwayar suke nufi. 2835 na nufin milimita 2.8 a faɗi da 3.5 a tsawo, 5050 kuma milimita 5 kowane gefe. Akwai kuma adadin ƙwayoyi a kowace mita, wanda yawanci 30 ne ko 60 ko 120. Idan ƙwayoyin sun yi nisa da juna, hasken kan fito a tsitsinke, ana ganin ɗigo da duhu a tsakani. Wani sabon nau'i mai suna COB ya magance wannan, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, an cusa ɗaruruwa a mita ɗaya an rufe su da shafe guda, sai hasken ya zama layi ɗaya santal. Shi ya fi dacewa da wurin da ido zai riƙa ganin zirin kai tsaye, ko inda tayil da gilashi za su riƙa nuna hotonsa.

Ado kake so ko haske?

Tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce aikin da zirin zai yi. Wanda zai zagaya bayan talabijin ko gefen silin ɗin POP don ƙawata falo ba ya buƙatar ƙarfi ɗaya da wanda zai haskaka teburin tela ko kantar mai sayar da magani.

Da yawa sun saba auna fitila da wat, amma wat wutar da fitila ke ci yake nunawa. Ma'aunin hasken da take bayarwa shi ne lumen, wanda ake taƙaitawa da lm. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, wato kusan lumen 13 a kowane wat. Zirin LED mai kyau kuwa yana kai lumen 100 ko fiye a kowane wat. Don ado, lumen 300 zuwa 500 a mita sun wadatar. Don haskaka kanta ko wurin girki, a nemi 700 zuwa 1,000. Idan kuwa zirin ne zai zama babban hasken ɗaki, kada ya gaza 1,000 zuwa 1,500 a mita.

Ga yadda ake lissafin shago. Hasken da ke sauka a kan wuri ana auna shi da luks, wato lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Ƙa'idar hasken wuraren aiki ta Turai ta ba da luks 500 ga teburin rubutu a ofis, da 300 ga filin sayar da kaya. Shago mai mita 4 a faɗi da 5 a tsawo murabba'in mita 20 ke nan, don haka yana son lumen 6,000 su sauka a kan kaya. To amma idan an ɓoye zirin a cikin silin, hasken sai ya bugi rufi sannan ya dawo, kuma kusan rabinsa kan ɓace a hanya, musamman idan fentin mai duhu ne. Ke nan sai a tanadi lumen 10,000 zuwa 12,000, wato mita 10 zuwa 12 na ziri mai lumen 1,000 a mita. Kwalin da bai faɗi lumen ba sam, sai wat da kalmomin yabo, ya riga ya ba mai saye dalilin yin taka-tsantsan.

Launin haske da gaskiyar launi

Fari ma iri-iri ne, kuma ana bambanta shi da lambar da ke ƙarewa da harafin K, wato ma'aunin Kelbin. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan ja-ja irin na tsohon ƙwai, wanda ya dace da ɗakin kwana da falo da wurin cin abinci. 4000K fari ne tsaka-tsaki, ya dace da ofis da kicin da yawancin shaguna. 6000K zuwa 6500K kuwa fari ne fat mai sirkin shuɗi. Shi ya fi yawa a kasuwanninmu domin ido na ganin kamar ya fi haske, amma a ɗakin kwana ba a son sa, saboda haske mai yawan shuɗi da dare yana rage sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci.

Ga ɗan kasuwa akwai wata lambar da ta fi wannan muhimmanci, wadda ake rubutawa CRI ko Ra. Ita ke nuna yadda haske ke fito da ainihin launin abu, kuma maƙurarta 100 ce, wato matsayin hasken rana. Duk wanda ya taɓa sayayya a Kantin Kwari ya san al'adar fito da shadda ko leshi bakin ƙofa a duba a rana, saboda fitilar cikin shago ba ta faɗin gaskiya. Ziri mai CRI 70 yakan kashe ja ya koma kamar ruwan ƙasa, ya sa ruwan hoda ya yi fari-fari. Don falo da farfajiya, 80 ta isa. Amma mai sayar da yadi, da mai gwal, da mai kayan kwalliya, da tela, da mai ɗaukar hoto, da mai sayar da nama ko 'ya'yan itatuwa, su nemi 90 zuwa sama. Ya fi tsada, sai dai turmin atamfa ɗaya da aka dawo da shi saboda saɓanin launi ya isa ya cinye bambancin kuɗin.

Shi kuwa ziri mai canza launi da rimot, wanda ake rubuta wa RGB, ja da kore da shuɗi yake haɗawa. Yana da kyau ga wurin biki da allon talla, amma farinsa gauraye ne kawai, yana ɓata launin kaya da na fuska. Mai son launuka da kuma farin kirki a ziri ɗaya ya nemi wanda aka rubuta wa RGBW, domin shi yana da ƙwayar fari ta daban.

Bolt 12, bolt 24 ko 220?

A nan ne maganar ta shafi lafiya. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Ziri mai 12V ko 24V ba ya ɗaukar ta kai tsaye, sai ta bi ta adafta an rage ta, kuma ƙarfin da ke fita daga adaftar ba ya jan mutum ko da ya taɓa. Shi ya sa waɗannan biyun su ne na cikin gida, da kanta, da shogilas, da duk inda hannu ke kaiwa.

Bambancin da ke tsakaninsu a tsawo yake. Hanyoyin jan ƙarfen da ke jikin zirin sirara ne, kuma wuta na raguwa yayin da take tafiya a cikinsu. Mai 12V idan ya wuce mita 5 a jere, ƙarshensa zai fara dusashewa, shi ya sa ake naɗe shi mita biyar-biyar. Mai 24V yakan kai kimanin mita 10. Dalili shi ne, a wat iri ɗaya, mai 24V rabin amfiyar mai 12V yake ja, kuma idan amfiya ta ragu da rabi, asarar da ake yi a waya tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona naɗi uku ko huɗu, wutsiyar wannan a bakin wancan. Ban da dusashewar ƙarshe, farkon zirin ne ke ɗaukar nauyin duka, ya yi ta zafi har ya lalace. Daidai shi ne kowane naɗi a ja masa wayarsa daga adafta, ko kuma a ba dogon zirin wuta ta kai biyu.

Wajen yanka ma akwai ƙa'ida. Mai 12V yawanci ana yanka shi bayan kowace ƙwaya uku, mai 24V bayan shida, kuma akwai alamar almakashi a wurin. Idan aka yanka a wani wuri daban, ƙwayoyin wannan gaɓar ba za su kama ba.

Nau'i na uku shi ne mai 220V, wanda ke zuwa a babban naɗi na mita 50 ko 100 cikin roba mai kauri, ana jona shi a soket da ɗan ƙaramin filogi. Ya fi araha kuma yana tafiya mai nisa, don haka ya dace da katanga da saman gini. Amma cikakkiyar wutar gida ce ke gudana a cikinsa daga farko har ƙarshe. Idan robar ta tsage, ko aka bar bakin da aka yanka ba murfi, zai iya kashe mutum. Bai kamata a sa shi a ƙarƙashin gado, ko jikin kantar ƙarfe, ko banɗaki, ko inda yara ke wasa ba. Haka kuma da yawa daga cikin irinsa suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ido ba ya kama wannan sosai, amma yana gajiyar da wasu mutane, yana kuma ɓata bidiyo, abin da ya shafi masu tallata hajarsu ta waya.

Adafta ce zuciyar aikin

Sau da yawa idan an ce ziri ya mutu, adaftar ce ta mutu. Lissafinta mai sauƙi ne. A duba wat nawa zirin ke ci a mita, wanda yawanci 4.8 ne ko 9.6 ko 14.4, a ninka da tsawon da za a sa, sannan a ƙara aƙalla kashi 20 cikin 100. Misali, mita 10 na ziri mai wat 14.4 wat 144 ke nan. Da ƙarin kashi 20 ya zama kusan 173, don haka adafta mai wat 180 ko 200 za a saya. Idan amfiya aka rubuta a jikinta maimakon wat, a ninka ta da bolt: 12V mai 10A wat 120 ke nan, ba za ta ɗauki wancan nauyin ba. Adaftar da ke aiki a ƙarshen ƙarfinta kullum cikin zafi take, kuma kwananta kaɗan ne. Sannan dole bolt ɗinta ya yi daidai da na zirin, domin adafta mai 24V za ta ƙone ziri mai 12V nan take.

A yanayin wutarmu, mai zuwa da rauni yau ta zo da ƙarfi gobe, ga kuma sauyi tsakanin layin kamfani da janareta, yana da kyau a karanta abin da aka rubuta a wajen shigar wuta. Wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240V ta fi jure raunin wuta a kan wadda iyakarta ke kusa da 220 kawai.

Wurin ajiye ta ma abin dubawa ne. Adafta mai gidan ƙarfe mai huji-huji iska take buƙata. Masu aikin POP kan tura ta cikin silin su shafe, ba iska ba ƙofar dubawa, ranar da ta lalace sai an fasa silin. A bar mata ƙofa, a ɗora ta a kan abin da ba ya kamawa da wuta, nesa da katako da kwali da yadi.

Kada kuma a ɗauka tunda bolt 12 ba ya jan mutum, ba ya tayar da gobara. Naɗi ɗaya mai wat 72 amfiya 6 yake ja a 12V, kuma wannan ya isa ya narkar da siririyar waya ko mahaɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif. A yi amfani da waya mai kauri, aƙalla murabba'in milimita 1.5 ga irin wannan nauyi, 2.5 idan tafiyar da nisa, a kuma haɗa da dalma ko maƙalin da aka yi don haka. Duk wanda ya tuna gobarar da ta laƙume dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ya san abin da wuta ke yi a inda shaguna ke manne da juna. Saboda haka makunnin zirin shago ya kasance a gaban adafta, ta yadda idan an tashi kasuwa an kashe, ita ma ta mutu. Kashewa da rimot hasken kawai yake ɗaukewa, adaftar na nan da wuta a jikinta har gari ya waye.

Zafi, ƙura da ruwa

Kwalaye kan yi alƙawarin awa 30,000 ko 50,000. A ƙa'idar masana'antar, wannan na nufin lokacin da hasken zai ragu zuwa kashi 70 cikin 100 na yadda ya fara. Mai kunnawa awa 10 kullum yana cin awa 3,650 a shekara, ke nan awa 30,000 ta haura shekara takwas. Amma wannan alƙawari ya dogara ne da cewa ƙwayoyin ba su yi zafi fiye da kima ba, domin zafi ne babban abin da ke tsufar da LED. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano, inda zafin bazara ke haura digiri 40, cikin silin da ke ƙarƙashin kwano ya fi ɗaki zafi nesa ba kusa ba.

Maganin shi ne kwarin alminiyam, wani siririn magirbi da ake shimfiɗa zirin a ciki, mai farin murfi. Alminiyam ɗin na janye zafi, murfin kuma na tausasa haske yana kare ƙurar hunturu. Duk zirin da ya kai wat 10 a mita yana buƙatarsa. Katako da filasta ba sa janye zafi. Gam ɗin bayan zirin ma zafi da ƙura na sakin sa, don haka a goge wurin tas kafin mannawa, a ƙara da 'yan maƙalai. Kada kuma a bar ziri a kunne yana naɗe a kan faifansa fiye da ɗan lokacin gwaji, domin zafin na taruwa ya lalata shi tun kafin a ɗaura.

Juriyar ƙura da ruwa ana nuna ta da haruffan IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. IP20 tsirara yake, na cikin ɗaki ne busasshe. IP65 ƙura ba ta shiga kuma yana jure feshin ruwa, ya dace da kicin da baranda. IP67 yana jure nutsewa na ɗan lokaci, shi ne na allon talla da katangar da ruwan damina ke duka. IP68 na cikin ruwa ne. Babbar lamba ba kullum take zama alheri ba, domin rufin da ke hana ruwa shiga yana kuma riƙe zafi, sannan na roba mai araha yakan koma rawaya ya tsattsage idan rana ta dake shi. Na silikon ya fi daɗewa. A silin ɗin falo, IP20 cikin kwarin alminiyam ya fi mai rufin roba. Idan kuwa a waje ne, ita ma adaftar da mahaɗan sai sun zama masu jure ruwa.

Masu sola da inbata

Ziri mai 12V na da wata fa'ida ga mai sola, domin zai iya aiki da batir ba tare da an kunna inbata ba. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, kuma idan na dalma ne, rabin wannan ake so a ci don ya yi ƙarko, wato 600. Mita 5 na ziri mai wat 4.8 wat 24 ne, zai yi awa 25. Mita 5 na mai 14.4 kuwa wat 72 ne, ɗan abin da ya haura awa 8 kawai zai yi.

Abin lura shi ne, batirin da ake kira mai 12V yakan kai bolt 14 da ɗoriya lokacin da rana ke cajinsa. Ziri na gama-gari ba shi da abin da zai tare wannan ƙari, sai ya ja wuta fiye da ƙima, ya yi zafi, ya tsufa da wuri. A sa 'yar na'urar daidaita bolt a tsakani, a kuma sa fis kusa da batirin, domin batir na iya sakin amfiya mai yawan gaske idan wayoyi biyu suka haɗu.

Abin da zai ci a wata

Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa Naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, kafin daga baya a ɗan sassauta, lissafin wat ya zama lissafin aljihu. A ɗauki shagon da ya sa mita 20 na ziri mai wat 14.4, yana kunnawa awa 10 kullum. Wat 288 ke nan, yunit 2.88 a rana, 86.4 a wata. Idan aka ƙaddara yunit a Naira 200 don sauƙin lissafi, Naira 17,280 ke nan. Da a ce ado kawai ake so aka sa mai wat 4.8, yunit 28.8 zai ci, wato Naira 5,760. Bambancin ya haura Naira 11,000 duk wata, kuma ga mai janareta ya fi haka, tunda yunit ɗin fetur ya fi na kamfani tsada. Don haka idan zirai biyu suna ba da lumen ɗaya, wanda ya fi ƙarancin wat shi ne mai araha na gaskiya, ko da kuɗinsa ya ɗara a kanti.

Gwajin da za a yi a kanti

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada kaɗai ma ba shaidar inganci ba ce, don haka sai an gwada. A sa mai kanti ya warware naɗin gaba ɗaya ya kunna, a kwatanta hasken farko da na ƙarshe. A ɗora tafin hannu ko jan ƙyalle a ƙarƙashin hasken: idan fata ta yi toka-toka ko jan ya mutu, CRI ɗin ƙasa yake, ko me kwalin ya ce. A buɗe kyamarar waya a nuna zirin, idan layuka na gudu a fuskar wayar, yana ƙyaftawa. A bar shi a kunne 'yan mintuna a taɓa, ɗumi ba laifi ba ne, amma zafin da yatsa ba zai jure ba alama ce marar kyau. A lanƙwasa shi kaɗan a ji kaurinsa, domin faifai mai laushi kamar takarda jan ƙarfensa kaɗan ne. Ita ma adafta a ɗaga ta a ji nauyi, wadda aka rubuta wa wat 200 amma ba ta fi kwalin ashana nauyi ba abar zargi ce.

A sayi duk abin da ake buƙata a lokaci ɗaya, daga kwali ɗaya, har da rarar mita ɗaya ko biyu, domin naɗi biyu masu lambar K iri ɗaya kan bambanta a ido idan ba tare aka ƙera su ba. A karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin garanti a rubuce. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin tantance kayan wutar da ake shigowa da su a ƙarƙashin tsarin SONCAP, kuma mai sayen kaya da yawa don otal ko babban kanti yana da damar tambayar dila shaidar hakan. Wajen ɗaurawa kuma, duk abin da ya shafi ɓangaren bolt 230 a bar wa ƙwararren mai wayarin. Hukumar NEMSA ce ke ba irin waɗannan ma'aikata takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba laifi ba ne a nemi gani.

Kafin a fita kasuwa, a auna wurin da tef, a rubuta a takarda tsawon mita, da lumen ɗin da ake so a kowace mita, da lambar K da CRI, da bolt, da wat ɗin adafta. Idan kuɗi bai kai ba, a rage tsawon zirin, a haskaka kantar da ta fi muhimmanci tukuna, sauran a ƙara daga baya. Adafta da waya da kwarin alminiyam kuwa kada a rage musu komai, domin su ne ke kwana a shagon bayan an kulle ƙofa.